Firam Biyu, Takarda Ɗaya

Malam Kalilu Maiturare bai taɓa riƙe zarto ba sai da furfura ta gama cinye gemunsa. Abin da hannunsa ya sani shi ne kwalba da sirinji, a 'yar rumfarsa ta kasuwar Daura, inda yake auna wa mutane turare ɗigo-ɗigo. Kowa ya shaide shi a kan awo. Ba ya tauye wa kowa, ba ya kuma ƙara wa kowa, ko da surukinsa ne ya zo saye. A kasuwa wannan hali abin yabo ne. Da ya kai shi gida sai ya zame wa iyalinsa aiki.

'Ya'yansa maza sun yi aure sun bar gida, saura 'yan autansa, tagwaye mata, Hassana da Hussaina. Ranar sunansu wata gwaggonsa ta ja shi gefe ta ce masa 'yan biyu ba a bambanta su. Abin da ka ba wannan ka ba waccan, in ba haka ba tukunyar gidanka ta ƙi tafasa, ko ka wayi gari da kunama a takalmi. Kowa a gari ya taɓa jin wannan magana, kuma yawanci akan bi ta ne na ɗan lokaci, a ɗinka wa yara kayan Sallah iri ɗaya har su yi wayo, daga nan a manta. Malam Kalilu bai manta ba. In ka tambaye shi zancen kunama zai ce maka camfi ne. Shi dai ya ɗauki abin a matsayin adalci, kuma bai ga ranar da mutum zai ce ya gama yin adalci ba.

Saboda haka takalmi iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, kwanon abinci iri ɗaya. In ɗaya ta yi zazzaɓi aka ba ta magani a cokali, sai a ba ɗayar ruwan sukari a cokali. In ya yi wa ɗaya faɗa, sai ya zauna yana lalubo laifin da zai yi wa ɗayar faɗa a kansa kafin rana ta faɗi, kuma ba ya rasawa.

Da suka gama sakandare sai hanya ta rabu ba tare da ta nemi izininsa ba. Hassana ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Hussaina ba ta ci ba, kuma ba ta yi asarar hawayenta a kai ba, don tun tana ƙarama hankalinta yana wajen allura da zare. Malam Kalilu ya yi abin da ya saba. Ya sayo keken ɗinki biyu, ya sa aka ɗinka fararen kayan makaranta na mutum biyu. Keken Hassana yana nan a lulluɓe a ɗakin ajiya, kaza tana ƙwai a ƙarƙashinsa. Fararen kayan Hussaina kuwa ta farke su ta yi rigunan filo.

Shekarar da Hassana ta kammala ba a yi walima ba, don ba a san yadda ake yi wa rabin 'yan biyu walima ba. Ta kawo takardar shaidarta gida, mai kauri, da zanen ado kewaye da bakinta da jan hatimi a ƙasa, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ji daɗi ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ɗaga kai ya ga Hussaina tsaye a bakin ƙofa, nan take ya haɗiye murnarsa, ya ce Allah ya sa albarka, ya miƙa wa matarsa Maijidda ya ce ta adana. Takarda ta shiga leda, leda ta shiga ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba.

Tana nan kwance har aka tura Hassana aiki a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, bayan Mai'adua. Za ta zauna wajen ƙanwar mahaifiyarta a can, kuma za ta bi motar 'yan kasuwa ranar Lahadi. Hassana ba mai yawan magana ba ce. Tana ninke kayanta ne ta ce wa uwarta, ba tare da ta ɗago ba, "Inna, a ciro mini takardata in tafi da ita. Ta ƙawata Raihana tana rataye a falon gidansu, duk wanda ya shiga sai ya gani. Tawa tana kwana da atamfa. Tunda a nan abin ɓoyewa ce, in na fita da ita ba za ta dawo ba."

Maijidda ta gane ba takardar kaɗai ake nufi ba. Da safe, bayan ta ajiye wa mijinta koko, sai ta zauna maimakon ta fita.

"Malam, yarinyar nan za ta tafi da ciwo a ranta. Ka rataye mata takardar nan."

"To, ita ɗayar fa?"

"Ɗayar ba ta ce komai ba."

"Ai shi ne, Uwar biyu. Wanda bai ce komai ba shi ake dubawa."

Ya shanye kokonsa yana tunani, ya tashi da shawarar da duk wanda ya san shi zai iya faɗa tun kafin ya buɗe baki. Za a rataye takarda, amma firam biyu za a yi.

Ya fara da kantin Eberechukwu, wanda kowa ke kira Ebere, mai sayar da agogon bango da faranti da firam na roba masu ruwan zinariya. An haifi Ebere a Daura, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Malam Kalilu ya sa shi ya zazzage kwali guda a kan tebur, yana ɗaukar biyu-biyu yana kai su bakin ƙofa wajen haske. Wannan yana da ƙarzuwa a gefe. Wancan ruwansa ya fi duhu. Wannan kuma ƙugiyarsa ta karkace. Da Ebere ya gaji da mayarwa sai ya ce, "Baba Maiturare, ko 'yan biyun naka ai akwai inda suka bambanta. In iri ɗaya sak kake so, sai dai ka yi da hannunka." Wasa yake yi. Malam Kalilu ya ɗauke shi shawara, ya yi masa godiya ya fita.

Suhaibu kafinta yana da rumfa a gindin darbejiya, ƙarshen layinsu. Ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce ai aikin rabin yini ne, a bar masa. Malam Kalilu ya ƙi. A ganinsa wanda aka ba aiki ba zai damu da bambancin da bai wuce silin gashi ba, shi kuwa silin gashin ne ya kawo shi.

"Koya mini kawai. Gemu ba ya hana ilimi."

"Haka ne, Baba. Ina awon?"

Malam Kalilu ya zaro tsinken tsintsiya biyu daga aljihu, dogo da gajere. Ya karya su ne daidai tsawon takardar da faɗinta, a ɓoye, lokacin da yaran ba sa ɗakin. Suhaibu ya danne dariyarsa, ya ɗauko siririn katakon maɗaci wanda aka riga aka fitar wa gurbi a baya, inda gilashi da takarda za su zauna. Ya nuna masa wani kwami na katako mai tsaga a karkace, wanda ake kwantar da katakon a ciki, zarto ya bi tsagar, bakin ya fito a gicciye yadda in an haɗa biyu za su ba da kusurwa. Firam, in ji shi, sanda huɗu ne kawai, dogaye biyu, gajeru biyu. Wahalarsa duk tana kusurwa. Don ya nuna masa, sai ya yanka dogayen guda huɗu da kansa, na firam biyu ke nan, ya jera su, suka zo daidai. Gajerun ya bar wa Malam Kalilu.

Ya ara masa zarto da kwamin da 'yar guduma, ya ba shi gam da ƙananan ƙusoshi da robar tayar babur ta ɗaure firam har gam ya kama.

"Abu ɗaya, Baba. In ka haɗa ka ga kusurwa ta ɗan buɗe baki, kada ka bi ta da zarto. Kwaɓa garin katako da gam ka cike wurin. Kowa haka yake yi."

Malam Kalilu ya gyaɗa kai, amma a ransa ya riga ya yanke hukunci. Cike rami da gari don kada a gani, wannan ai algus ne.

"Me za a sa a na biyun?" in ji Suhaibu.

"Allah zai kawo."

Ya mayar da zaure wurin aiki. Yana rufe rumfa da azahar, ya dawo ya tuɓe babbar riga, ya zauna a kan tabarma da kwami tsakanin ƙafafunsa. Yankan farko zarto ya yi tsalle ya ci masa ɗan yatsa. Na biyu ya danna da ƙarfi kamar mai yankan rago, katakon ya tsage a baki. A hankali ya gane zarto ba a tilasta masa, ja ake yi a bar shi ya ci da kansa. Masu wucewa suna leƙowa suna tambaya ko turaren ne ya daina tafiya, yana amsa musu da sannu ba ya ɗagowa. Kafin magariba ya fitar da gajeru huɗu, kowanne daidai da gajeren tsinke. Ya ajiye tsinkayen a gefe, kuma da safe aka share zaure aka tafi da su.

Kashegari ya haɗa firam na farko a ƙasa ba gam, don ya gani. Kusurwa uku sun zauna, ta huɗu ta buɗe baki, kaɗan dai, yadda farce zai shiga. Ya ɗauki gajeren da ya jawo matsalar, ya mayar da shi kwami, ya ɗan rage. Kusurwa ta rufe. Amma yanzu na sama ya fi na ƙasa gajarta, don haka sai ya rage na ƙasa. Firam na farko ya yi kyau. Sai dai ya fi na biyu ƙanƙanta, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ba zai yiwu ba. Ya rage gajerun na biyu. Wajen ragewa hannunsa ya goce, wata kusurwa ta buɗe a can. Ya gyara ta. Yanzu na biyu ne ƙarami.

Haka aka yi ta yi. Kowane gyara a jikin sanda ɗaya yana jawo gyara uku. Garin katako ja ya taru a gefen tabarma, ya shiga gemunsa, ya shiga kofin shayinsa. Bai gaji ba, don irin aikin da yake so ke nan. Yakan ɗora wannan firam a kan wancan, ya rufe ido ɗaya, ya bi gefen da ɗan yatsa yana neman tudu. Duk tsawon kwanakin nan yana gwada firam da firam ne. Ko sau ɗaya bai tuna ya gwada firam da takarda ba.

A cikin gida ana jin kukan zarto, kowa ya san abin da ake yi, ba wanda ya ce ya sani. Wata safiya ya tsaya a tsakar gida ya tambayi Maijidda, da muryar da yake zaton ƙasa-ƙasa ce, ko ta san inda takardar gama firamaren Hussaina take. Keken ɗinki da ke ƙara a ɗaki ya tsaya cak. Can kuma ya ci gaba, da gudun da ya fi na da.

Ranar Alhamis da yamma firam biyu suka zo daidai. Ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya juya su ta kowace fuska, bai sami inda wani ya fi wani ba. Ya shafa gam, ya zagaye kowanne da roba ya ɗaure tam, ya buga ƙananan ƙusoshi a kusurwa, biyu suka lanƙwashe ya zare ya sake. Ya yi alfahari da kansa, kuma ba laifi, don mutumin da bai taɓa yanka katako ba ya yi abin da kwalin Ebere guda ya kasa. A hanyar masallaci ya biya wajen mai yankan gilashi ya ce masa ya saurare shi, zai kawo firam biyu.

Bayan an sauko daga Juma'a ya sa Maijidda ta ciro takardar. Ya kai ta zaure a cikin ledarta, ya kife firam, ya kwantar da ita a gurbin baya. Tsawo ya zauna lafiya lau, don dogayen ba a taɓa su ba. Faɗi ya ƙi. Takardar ta hau kan katako ta dama da ta hagu, kowane gefe kamar faɗin ɗan yatsa. Ya gwada ɗaya firam ɗin, ko da yake shi ya fi kowa sanin amsar, tunda iri ɗaya ne sak.

Ya daɗe zaune. Garin gyaran gira an taɓa ido. Katako ya ƙare. Ya leƙa rumfar Suhaibu ya tarar an ja buhu an rufe, ya tafi aikin rufin wani gida a Zango sai sati mai zuwa. Hassana kuwa jibi za ta tafi.

Ya dawo ya sake duban takardar. A gefenta akwai farin fili da zanen ado, babu rubutu. In an rage nan da nan, ado zai tafi, hatimin zai ɗan rasa kunne, amma suna da sauran rubutu za su tsira. Ya ga wannan ba zalunci ba ne, tunda firam biyu za su ci gaba da zama daidai. Ya ɗora firam a kai ya ja layi da fensir ta kowane gefe. Sannan ya shiga gida, ya tarar ɗakin ɗinki ba kowa, ya ɗauko almakashi.

Tela yana iya yafe maka abubuwa da yawa, amma ban da ɗaukar masa almakashi. Hussaina ta dawo daga wanke hannu ta ga wurinsa wayam, ta tambayi uwarta, ta bi sawu har zaure.

"Baba, almakashina."

"Yanzu zan maido miki. Ɗan gyara ne."

Ta ga takardar a hannunsa na hagu, ta ga layin fensir, ta ga bakin almakashi a buɗe. Ta durƙusa a gefen tabarma.

"Takardar Hassana za ka yanka, Baba?"

"Gefe ne kawai, inda ba rubutu. Ta ƙi shiga."

"Me ya hana ta shiga?"

"Na yi ta rage su ne don su zo daidai da juna."

Ta sunkuyar da kai tana kallon garin katako. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba.

"Baba, ka yafe mini, zan faɗi magana. Tun muna yara haka ake yi. In an kasa ƙara ni in kai ta, sai a rage ta ta dawo daidai da ni. Ni ban taɓa roƙon haka ba. Duk abin da aka hana ta, da sunana aka hana ta. Walimarta ni na ci, ban kuma ji ɗanɗanonta ba. Har nauyin haɗa ido da ita nake ji a gidan nan. Na ji kana neman takardar firamarena. Don Allah kada ka rataye ta kusa da wannan, in ka yi ba zan iya ƙara shiga ɗakin ba."

Malam Kalilu ya fara jin haushi, don ba a saba gaya masa magana a zaurensa ba. Haushin bai daɗe ba ya koma ciwo.

"Adalci na yi muku."

"Na sani, Baba. Amma ni ɗinki nake yi, kuma ina son abina. Ban rasa komai ba."

A ƙofar da ke shiga cikin gida Hassana tana tsaye, ba a san tun yaushe ba. Idonta yana kan layin fensir.

Ya rufe bakin almakashi ya ajiye a tabarma. Hussaina ta ɗauke shi ta soke a ƙugu kafin ya sake shawara. Sannan ta jawo firam biyun ta auna su da ido yadda take auna yadi. Ta ɗauki takardar ta kara faɗinta a jikin dogon sanda, ya wuce ta har da saura.

"Dogayen nan huɗu ne, kuma lafiyarsu ƙalau. In an cire gajerun an haɗa su, firam ɗaya zai fita, takarda ta shiga ba a taɓa ta ba."

"To, naki fa?"

"In yadi bai isa riga biyu ba, Baba, ɗaya ake ɗinkawa. Ba a ɓata shi duka."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki guduma, ya riga ta. Tunda shi ya haɗa, shi zai raba. Ya tsayar da firam na farko a ƙasa ya bubbuga kusurwa ta ciki har gam ya saki, ya zare ƙusoshi, ya yi wa na biyu haka. Abin ya yi masa zafi, aikin kwanaki yana watsewa a hannunsa, kuma bai ɓoye ba, yana yi yana tsaki. Ya ture gajerun huɗu gefe guda. Ya kankare busasshen gam da wuƙa daga bakin dogayen, ya jera su. Kusurwa ɗaya ta ɗan ɓalle wajen rabawa, ta bar rami. Ya dube ta, ya dubi zarto, sannan ya ɗebi garin katako ya kwaɓa da gam a murfin kwalba ya cike wurin. Hussaina ta riƙe masa kusurwa biyu yana zagaya roba. Hassana ta ɗauki takardarta ta shiga ciki ta goge layin fensir da abin gogewa. Layin ya fita, sai ɗan sawu da ba ya ganuwa in ba an matso ba.

Asabar da safe ya kai firam wajen mai gilashi. Mutumin ya auna, ya ɗora ƙarfensa zai ja, sai ya tsaya.

"Ina ɗayan, Malam? Biyu ka ce."

"Ɗaya ne."

Bayan la'asar aka taru a falonsa. Firam ɗin ya fito murabba'i, takarda a tsakiya, farin kwali yana leƙowa dama da hagu. Ba za a ce ya yi kyan na kanti ba. Kusurwar da aka cike ta fi sauran duhu, kuma akwai sawun guduma a gefe ɗaya. Ya hau kujera ya buga ƙusa a bango, siminti ya zubo, ya matsa gaba kaɗan ya sake bugawa. Da ya rataye ya sauko, sai ya tsaya yana kallon farin filin nan na gefe, tsohon hali ya motsa.

"Ga wuri ya rage. Ko ɗan ƙaramin hotonki, Hussaina, a maƙala a nan."

"A'a, Baba. A bar shi fili."

Ta ce tana da ɗinkin biki da za a karɓa gobe, ta fita. Maijidda ta tuna da tukunyarta a kan wuta, ita ma ta fita. Aka bar shi da Hassana su biyu.

Ya tsaya gaban takardar, hannu a baya. Da Turanci aka rubuta ta, ba abin da ya iya ganewa sai sunanta da nasa a bayansa. Yana tsaye nan ne ya lura bai san abin da aka shaida ta iya ba. Shekarun da ta yi tana fita da safe da fararen kaya tana dawowa da yamma, bai taɓa tambayarta me aka koya mata ba, don ba shi da irin tambayar da zai yi wa ɗayar. Kunya ta kama shi sosai. Ya zauna a bakin kujera, ya share garin siminti daga hannun rigarsa.

"Wai shin, a can ɗin, me za ki riƙa yi musu?"

Hassana ta ɗago ta dube shi, don ta tabbata da ita ake.

"Awon masu ciki, Baba. Da rigakafin yara. Da duba waɗanda yunwa ta kama."

"Yaya ake gane su? Ai yaron ƙauye duk siriri ne."

Ta zauna a tabarma kusa da ƙafarsa. Da farko tana ba shi amsa guntu-guntu. Da ta ga da gaske yake saurare sai bakinta ya buɗe. Ta gaya masa akwai wani ɗan maɗauri mai launi uku da ake zagaya wa yaro a damtse, in ya tsaya a kore lafiya, in ya kai ja sai a riƙe yaron. Ya tambaya a ina daidai ake ɗaurawa, ta kama damtsensa ta nuna masa. Ta ba shi labarin ranar da ta fara yi wa jariri allura, uwar yaron ce ma take ba ta haƙuri. Ya yi dariya. Ya yi tambayoyi da yawa, wasu na rashin sani ƙwarai, ta amsa duka. Ba su ankara ba sai da aka kira magariba.

Ya miƙe yana naɗe hannun riga don alwala. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waigo ba.

"Innarki ta ce kina son tafiya da ita. In haka ne, in sauko miki da ita a naɗe a zane, kada gilashin ya fashe a mota."

Hassana ta dubi bango.

"A can kwafi suke karɓa, Baba. Wannan ta gida ce, a bar ta nan."

Ya ce to, ya ɗauki butarsa ya fita.